"Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne": har yanzu haka ne kuwa?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na kai ƙanwata asibiti haihuwa cikin dare, saboda ruɗewa ko zani na canji ba mu ɗauka ba balle filas. Wata baiwar Allah da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da mu, ba ta san mu ba ba mu san ta ba, ta ciro zaninta mai kyau ta ba mu, ta haɗa shayi, ta zauna tana riƙe da hannun yarinyar nan har asuba. Da na fara yi mata godiya sai ta ce haba 'yar uwa, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tun ranar maganar take min yawo a kai. Shin ma'anarta mace ce kaɗai za ta iya tausayin mace?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, barka da arziki Hajiya. Ni dai ina ganin an ɗan danne mu maza. Wa ke yawon neman jini da kuɗin magani in abu ya rikice? Kuma ku duba asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, tun shekarun 1980 ya fara yi wa mata aiki a can, namiji ne, ba ma Bahaushe ba.

Bazazzagiya:
Yayana ba wanda ya ce maza ba ku da tausayi, amma kai kana waje kana zirga-zirga a baranda, ita wadda ta taɓa naƙuda da ta ji nishin yarinyar a jikinta take jin shi, ta san lokacin da za ta ce sannu da lokacin da za ta yi shiru ta danna mata baya kawai. Jiki magayi ai. Abin da karin maganar ke nufi kenan a fahimtata.

Maman Yara:
Hmm. To ina kishiya? Ina uwar miji da ke cewa mu ma haka muka haihu muka tashi muka yi daka? Wlh ni wadda ta fi ƙuntata min lokacin da nake jego mace ce, ta san zafin wankan nan sarai, kwana 40, amma ko kunun kanwa sai maƙwabciya ce ke dama min. Sanin ciwo daban tausayi daban, wasu ma shan wahalar ne ke busar musu da zuciya.

Malamin Firamare:
Allah ya ba ki ladan haƙuri. Amma abin da kika faɗa shi ne ma dalilin karin maganar. Ku lura da inda tsofaffi suka fi jefa ta: an sako wata yarinya, mata sun zauna a gidan suna ana yi da ita, sai wata dattijuwa ta ce kai ku bari, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tunatarwa ce da jan kunne, wato yau ita gobe ke ko 'yarki. Kusan ɗaya da in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.

Bazazzagiya:
A'a Malam, a nan ban yarda ba. Ta gemu tsoro ce, ka kare kanka. Matar da ta ba da zaninta ba don gudun abin ya zo kanta ta yi ba, ya riga ya zo kanta ya wuce. Kuma a hadisin da ke Bukhari da Muslim, mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa, cewa ya yi ƙishin da na ji shi ne karen nan ke ji. Ka ga ko jinsi ba ɗaya ba, ƙishin ne ya haɗa su, kuma Allah ya gafarta masa.

Malamin Firamare:
Na karɓi gyara Hajiya.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Maman Yara labarinki ya taɓa ni, dan Allah ki riƙe maƙwabciyar nan da kyau. Zanin yana nan na wanke na goge, na koma asibitin aka ce an sallame su tun da safe, ko lambarta ban karɓa ba. Ranar suna na sa an yi mata addu'a ita da 'yarta.