Kuɗin fanshonmu ba ya shiga asusu, ina za mu kai kuka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen injiniyoyi na gidan rediyon jiharmu, kuma abin da ke faruwa ya hana ni barci.

Duk wata ana cire mana kuɗin fansho daga albashi, amma da na duba asusuna sai na tarar an daɗe ba a zuba ko sisi ba. Ga kuɗin gas na janareta: a takarda an saya, amma da an ɗauke wuta sai tashar ta yi shiru. Kuɗin tallace-tallace kuwa, rasit ɗin da ake ba 'yan kasuwa daban, wanda ke shiga ofishin akanta daban. Da idona na gani.

Mun kai wa reshen RATTAWU, wato ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin, ƙorafi sau biyu, ba amsa. Abokin aikina da ya yi magana a taro an mayar da shi wata tasha a ƙauye.

Shin hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na karɓar ƙorafi ba tare da bayyana suna ba? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, za ta yi aiki a kan ma'aikatar jiha? Ko kotun ma'aikata za mu nufa? Ina da iyali, ina tsoron rasa aikina. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mini inda zan fara.