Sharifai ne mu ko Agalawa?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayyena. Kun san tun bayan rasuwar Baba na ɗora wa kaina aikin haɗa salsalar gidan nan, duk hutun da na samu a kanta yake ƙarewa. Ina neman afuwar manya kafin in faɗi inda na kwana. Maganar da muka tashi da ita, cewa Madugu, kakan iyayenmu, jinin wani sharifi ne da ya taso daga Gabas ya biyo ta Agadas har ya sauka ƙasar Kano, na neme ta sama da ƙasa ban ga madogararta ba. Abin da nake gani a fili shi ne mu Agalawa ne, fataken goro. Takardar salsalar da ke wurin Baffa suna goma sha ɗaya ne a cikinta. Biyar na ƙasa mun san su, mun san garuruwan da suka zauna. Daga nan sai shida kacal, sai ga mu a kan Sayyidina Hasan. To tsakanin haihuwarsa da ta kakanmu kusan shekara 1,300 ne. Ko da kowane uba sai ya kai shekara 35 yake haihuwa, ana buƙatar suna sama da 35.

Baffa: Wa alaikumus salam. Auta, takardar da kake ƙirga mata sunaye kamar buhunan gyaɗa, mahaifina ne ya rubuta ta da hannunsa, kuma ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Mutanen da can ba sa jera kowa da kowa, mashahurai suke ambata su tsallake sauran. Sannan ina abin mamaki don sharifi ya zo Kano? Shehu Magili bai zo ba a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa? Bai bar zuri'a ba? Unguwar Sharifai ga ta nan a cikin gari.

Auta: Allah ya ƙara girma Baffa, ban ce babu sharifai a Kano ba. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma zuri'ar Sidi Fari, ɗan Shehu Magili, suna nan da unguwarsu da sarautarsu, sun san nasu. Su ne ma hujjata. Ba mu da gida a can, ba mu da auratayya da su, ba a taɓa kiranmu wata sabgarsu ba. Tamu auratayyar duk ta wajen Bebeji da Madobi da Ƙoƙi ce, gidajen goro. A Bebeji aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877, kuma kowa ya san gidansu Agalawa ne.

Ɗan Gwaggo: Allahu akbar! Shekara da shekaru kuna kiranmu bayinku don mu 'ya'yan mace ne, ashe iyayengijin namu ma da tasu a ƙasa. Auta ci gaba da tono, ni zan saya maka data.

Baffa: Kai kuma rufe mana baki. Amma gara da ya faɗa, don can Auta ya dosa. Ka fito fili ka ce mu jikokin Buzaye ne, bayin Abzinawa. Ai mun san abin da ake faɗa a kan Agalawa, ba yau aka fara ba.

Auta: Ba daga bakina ta fito ba Baffa. Wani masanin tarihi, Paul Lovejoy, ya zauna da tsofaffin fatake a Kano ya ɗauki bayanansu, littafinsa kan fataucin goro ya fito a 1980. Ya kawo rukuni uku da suka riƙe hanyar Gwanja: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Na ukun asalinsu Barno. Biyun farko ya ce tushensu Bugaje ne da ke ƙarƙashin Abzinawa, suka gangaro ƙasar Katsina da Kano tun ƙarni na 18, suka zauna a ƙauyuka suna noma, da rani su ɗaura wa jakuna kaya su fita, har suka zama manyan attajiran ƙasar nan. Agadas ɗin da ke cikin labarinmu ma nan ya dace. Ni ban ƙaryata hanyar ba, wanda ya biyo ta nake shakka a kansa.

Yaya Malam: Ku ɗan sassauta, don ku biyun duk kuna kan gaɓa. Auta, ya zo a Sahihu Muslim cewa sukar nasaba na cikin ɗabi'un da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsananta a kansu, ya haɗa ta da kururuwa a kan mamaci. Ka kula bincikenka kada ya zama abin yi wa wani gori. Baffa kuma, Allah ya ba ku haƙuri, ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, an haramta masa Aljanna. Da'awar sharifta ba ado ba ce, tana da hukunci, har zakka ba ta halatta ga iyalan gidan Annabi. Idan sharifai ne mu, akwai marasa ƙarfi a dangin nan da suka daɗe suna karɓar abin da bai halatta gare su ba. Idan ba su ba ne, to mun daɗe muna amsa sunan da ba namu ba. Wanda ya gada bai sani ba, ba shi da laifi. Amma yanzu an tayar da maganar.

Ɗan Gwaggo: To a yi gwajin DNA mana a huta. Ana tofa yawu a kwalba a aika Amurka, su gaya maka har ƙauyenku.

Yaya Likita: Ba haka abin yake ba. Gwajin da zai taɓa wannan magana shi ne na ƙwayar halittar Y, wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa. Kai ma ba ka ciki, taka ta gidan babanku ce. Ita kuma igiya ɗaya tak take bi. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kafin a kai hawa goma an kai gurbi 1,024, gwajin ya ba ka labarin mutum ɗaya a cikinsu. Zai iya nuna ko layin uba ya fi kama da na mutanen yankin Larabawa ko na nan Afirka, to ko ya nuna Larabawa bai ce sharifi ba, kuma babu gwajin da ke rubuta ɗa ko bawa. Ɗaya gwajin mai raba asalin mutum kaso-kaso kuwa, kamfanonin suna auna ka ne da samfurin da suka tara, na mutanen Sahel kuma kaɗan ne a wurinsu. Abin da na fi tsoro ma daban: gwajin nan kan fallasa abin da ba a je nema ba, ya nuna wane ba ɗan wane ba ne. Shari'a ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Ni ban ba da shawara ba.

Auta: Ni ma ban dogara da shi ba Yaya. Na leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House. Rahotannin haraji na zamanin Turawa suna da amfani, za ka ga gunduma, ƙauyukanta, irin mutanen da ke ciki da sana'arsu. Amma talaka ba ya fitowa da sunansa, sai hakimi da dagaci. Inda nake sa rai shi ne littattafan rabon gado na kotunan alƙalai, don can dole a jera matan mamaci da 'ya'yansa.

Yaya na Kumasi: Salamu alaikum, yanzu na buɗe waya. Ni abin ya ba ni mamaki, don mu nan ba mu taɓa jin zancen sharifi ba sai da na zo Kano biki. Kakanmu ƙanin Madugu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne aka bari a Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, yana tara goro kafin ayari ya iso. Da yaƙin basasar Salaga ya watsa garin a 1892 ya koma Kete Karachi da ke ƙasar Gana ta yau, daga baya 'ya'yansa suka sauka zangon Kumasi. Tsofaffinmu in an tambaye su sai su ce mu Agalawan Kano ne, da alfahari suke faɗa, don a zango sunan yana nufin mutumin da ake ba goro bashi ba tare da shaida ba. In da akwai sharifta a gidan, anya ƙani zai manta da ita? A baƙon wuri ma ya fi buƙatarta.

Baffa: Wanda ya yi nisa da gida ai shi ya fi saurin mantuwa. Ku da Hausar ma ta fara gagarar 'ya'yanku.

Gwaggo: Jikata ce ke rubuta mini, ni ce ke faɗa. Alhaji, kai ba a haife ka ba lokacin, ni kuwa ina 'yar yarinya. Wani malami ne ya sauka a zauren gidanmu kan hanyarsa ta dawowa daga Makka ta Sudan, ya yi damina guda, ni nake kai masa tuwo. Shi ya ce wa Baba ya ga alamar sharifai a tare da shi, ya ba shi sunayen nan na sama. Baba ya yarda da zuciya ɗaya ya kwafe su a kan nasa. Bai yi ƙarya ba, ba shi aka yi ya karɓa. Na ƙasan kuwa daga bakin Madugu ya ji su.

Sai abin da ya dame ni. Tun safe kuna ta maza, babu wanda ya tambayi wace ce ta haifi Baba. Iya ce, na tashi a ɗakinta. Tana ƙarama aka kamo ta a ƙasar Gurunshi lokacin da Zabarmawan Babatu ke kai hari, aka kai ta kasuwar Salaga, Madugu ya taho da ita, da ta girma ya sa ta a ɗaka. Ta haifi Baba shekarar Kakalaba. Tsagar fuskarta ba irin tamu ba ce, in tana daka takan yi wata waƙa da yarensu, ba mai jin abin da take cewa. Duk wanda ke gidan nan daga tsatsonta ya fito, har kai Alhaji. In bauta kake gudu, ba sai an je Azbin ba.

Auta: Gwaggo, Allah ya ja kwana. Kakalaba ita ce yunwar 1914, kun ba ni shekarar haihuwar kakanmu ke nan, wadda na rasa a ko'ina. Ranar Juma'a ina nan tafe da na'urar ɗaukar murya, don Allah ku tuno mini waƙar ko da ba ma'ana.

Yaya Malam: Kuma kada wani ya ɗauka wannan ya rage wa kakanmu komai. Ɗan sa-ɗaka ɗa ne cikakke, ubansa yake bi, gadonsa daidai da na 'yan'uwansa. Sarakuna nawa ne a ƙasar nan 'ya'yan sa-ɗaka?

Baffa: Yaya, ban musa kin kai tuwo ba. Amma malamin nan ba mahaukaci ba ne, wataƙila ya san abin da ba mu sani ba. Ni a kan abin da mahaifina ya bari zan mutu. Auta, akwai adakar Madugu a ɗakina, da wasiƙu na ajami da takardun bashi a ciki, ka zo ka duba a gabana. Sharaɗina ɗaya, kada in ga ko layi ɗaya a Facebook. Muna da 'yan mata a gaba, kuma har gobe in an zo neman aure sai an yi binciken asali.

Yaya Likita: Wannan binciken shi ya sa gidaje ke ƙara wa salsala tsawo Baffa. In kowa ya ɓoye tasa, yaushe za a daina?

Baffa: A fara dainawa a kan 'yar wani, ban da tawa.

Yaya na Kumasi: Ni dai a ɗauko mini hoton wasiƙun. In akwai wadda ta fito daga Salaga, kakanmu ne ya aiko ta, muna da wani littafinsa a nan da za a gwada hannun rubutun. Baffa, an yarda?

Baffa: Na Salaga kawai. Takardar salsala ba ta shiga waya.