Wace kalma za mu ba "stock car" da direbanta a Hausa?

Mai Fassarar Wasanni:
Assalamu alaikum jama'a. Manhajojin fassara suna mayar da "stock car" su ce "motar hannun jari", wasu kuma sun fara kwafa suna sakawa a rahoton wasanni. Wannan ba shi da alaƙa da hannun jari ko kaɗan. Motocin da ake tsere da su a gasar NASCAR ta Amurka ake nufi. Muna buƙatar suna ɗaya ga motar, da kuma kalmomin da ke biyo bayan direbanta tun daga ƙuruciya har babbar gasa. Shawarar da ta fara zuwa ita ce "motar kasuwa", tunda asalin ma'anar ita ce motar da ake sayarwa kowa. Me kuka gani?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. "Motar kasuwa" ba za ta yi ba. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san motar kasuwa ita ce ta haya, kishiyar motar gida. Ki rubuta "tseren motocin kasuwa", mai karatu zai ɗauka bas-bas ne da tasi suke rige-rigen fasinja.

Malam Na-Kamus:
Baba ya yi gaskiya. Amma kafin mu zaɓi kalma, mu duba yadda sunan ya samo asali, don a nan matsalar take. Bill France ya kafa NASCAR a 1948 a Daytona Beach, jihar Filorida. A 1949 suka buɗe rukunin da dokarsa ta ce mota ta shigo fili kamar yadda kamfani ya ƙera ta. Tseren farko an yi shi ranar 19 ga Yuni 1949 a Charlotte, a kan filin ƙasa, babu kwalta. Glenn Dunaway ne ya zo na ɗaya da Ford, amma da aka duba motar aka tarar an taɓa sifirin ɗinta na baya, irin gyaran da 'yan sumogar barasa suke yi don mota ta ɗauki kaya mai nauyi ba ta durƙusa ba. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper mai motar Lincoln. To a wancan lokaci da an ce "motar gida" an faɗi daidai, domin wasu direbobin tuƙo ta suke yi daga gida zuwa filin.

Mai Sipana:
Malam, a wancan lokaci ke nan. Yau kam kura ce da fatar akuya. Ɗauki motar da NASCAR ta fara amfani da ita a babbar gasarta a 2022. Daga waje za ka ga siffar Toyota Camry ko Ford Mustang ko Chevrolet, amma ƙashinta bututun ƙarfe ne aka yi wa walda kamar keji, duk ƙungiyoyi daga kamfani ɗaya suke sayensa. Injin mai fulogi takwas ne, lita 5.8 da 'yan kai, ƙarfin doki 670 a yawancin filaye lokacin da ta fito. Camry ta titi tayoyin gaba ne ke janta, wannan kuwa na baya ne. Giya biyar ce, ja baya ka ƙara, tura gaba ka rage. Ƙofa ba ta buɗewa, ta taga direba yake shiga, sai a rufe tagar da raga. Fitilun gaba ma sitika ce aka manna. Kujera ɗaya ce. Babu agogon gudu a gaban direba, juyawar injin yake kallo ya san gudunsa. Abin da ya rage mata na gida bodi ne kawai, shi ma kamanni.

Saboda haka ni shawarata "mota mai bodin gida". Gasar kuma "tseren motoci masu bodin gida".

Ɗan Tasha:
Oga, ya yi tsawo. Me zai hana a ce "tseren NASCAR" a huta? Ko kuma "mai rufaffiyar taya", tunda bambancinta da ta Formula 1 shi ne tayoyin can a waje suke tsirara.

Mai Sipana:
Ƙanena, NASCAR sunan hukuma ne. Akwai ARCA, wata gasar irin waɗannan motoci, akwai ƙananan filaye barjat a garuruwan Amurka da kowane Asabar ake tsere, Burazil ma tana da nata gasar tun 1979. "Rufaffiyar taya" kuma ta yi faɗi, motocin tseren daji da na tseren Le Mans na Faransa duk tayoyinsu a rufe suke. A rubutu sau ɗaya za a faɗi cikakken sunan, daga nan sai "motar" ko "motar tsere".

Malam Na-Kamus:
Na karɓa. "Bodi" ta zauna a bakin kanikawa da masu fenti, ba baƙuwa ba ce. "Gangar jiki" ta fi dacewa da mutum.

Mai Fassarar Wasanni:
Madalla. To direban fa? Matakan da yake bi, ya za mu kira su?

Mai Bin Gasa:
Hajiya, "mataki" ko "rukuni" sun isa, sai dai a san jerinsu. Yawanci yaro yana farawa tun yana ɗan shekara biyar zuwa takwas da 'yar ƙaramar mota mai injin kamar na janareta. Daga nan ya koma ƙananan filayen gari, masu tsawon rabin mil ko ƙasa da haka, wasu kwalta wasu jar ƙasa. Sai ARCA. Sai matakai uku na ƙasa baki ɗaya: na motocin a-kori-kura, sai rukuni na biyu wanda sunansa ke canzawa da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, sai Cup, wanda za mu ce "babban rukuni" ko "gasar Kofi". Sai ya cika shekara 18 zai shiga babban rukuni. Can tsere 36 ne masu maki a shekara, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, yawanci mota ba ta wuce 40 a fili.

Kalmar da ta fi muhimmanci a rayuwarsa ita ce "kujera". Yawanci direba ba shi da mota, mai ƙungiya ke da ita, kuma shi ake ba lambar da ke jikinta. Abin da yake nema kujera ce, kuma gwaninta kaɗai ba ta ba da ita. A matakan ƙasa sau da yawa direba ne zai zo da kamfanin da zai biya kuɗin talla a jikin motar. Kamfanin ya janye, kujera ta tafi, ko da ya ci tsere a bara. Irin wanda kuɗi ya shigar da shi sai mu ce "mai sayen kujera", Bahaushe zai gane nan take, ya saba jin ta a siyasa. Wanda yake shekararsa ta farko kuwa "sabon shiga". A da, an yi shekara da shekaru ana manna wa irinsu ratsin ruwan ɗorawa a bambar baya don na bayansu ya yi hattara.

Tsohon Direba:
"Ɗan koyo" fa, ɗana?

Mai Bin Gasa:
Ranka ya daɗe, ɗan koyo shi ne mai jan L a mota. Wanda ya kai babban rukuni ya yi shekara goma ko fiye yana tsere. Sabo ne a ajin, ba a tuƙi ba.

Mai Fassarar Wasanni:
Saura "drafting". Na ga wani ya rubuta "zayyana", wani ya ce "shan iska".

Mai Sipana:
Duka biyun kuskure ne, "shan iska" ma akasin abin ne. Ga yadda yake. A gudun kilomita 300 cikin sa'a, yawancin ƙarfin injin a ture iska yake ƙarewa. Motar gaba ta tsaga iskar, ta bar wani gurbi a bayanta inda iska ba ta da ƙarfi. Ta baya ta shige gurbin, sai ta samu gudu iri ɗaya ba tare da taka totur har ƙasa ba. Ta gaba ma tana amfana, don gurbin nan da ke janta baya an cike shi. Shi ya sa biyu a jere sun fi ɗaya gudu. Junior Johnson, wanda ya taɓa zaman gidan yari kan barasar ɓoye, da wannan dabara ya ci babban tseren Daytona 500 a 1960, da Chevrolet da ba ta kai motocin Pontiac gudu ba.

Illarsa biyu ce. Lagireton motar baya ba ya samun iska, in ta daɗe a manne ruwa zai tafasa, dole direba ya leƙo gefe ya sha iska (ka ga inda "shan iska" take da gurbi). Na biyu, in na baya ya tura na gaba da bamba a tsakiyar kwana, ko ya doke shi a karkace, bayan motar zai kwashe, kuma da yake mota talatin suna dunƙule, hatsari ɗaya sai ya ci goma sha.

Ni "fakewa" nake gani. Kamar yadda ake fakewa daga ruwa ko iska a bayan katanga.

Malam Na-Kamus:
"Fakewa" ta fi "laɓewa", don laɓewa ɓuya ce daga ido. "Bin inuwa" tana da daɗin ji amma rana take kawowa a rai. Mu ce "ya fake a bayan wane", turawar da bamba kuma "tunkuɗa". Salon da aka yi a 2011, inda motoci biyu-biyu ke manne da juna duk zagaye, wannan "goyo" ne sak.

Ɗan Tasha:
To me ya dunƙule su wuri ɗaya haka? Mai ƙarfi ba zai tsere ba?

Mai Sipana:
Takunkumi aka sa musu, kuma kalmar ke nan da ya kamata mu ɗauka. A 1987 Bill Elliott ya yi zagaye a filin tseren Talladega da gudun mil 212.809, sama da kilomita 342 a sa'a. A tseren wannan makon motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga wayar da ke kare 'yan kallo. Daga 1988 sai aka riƙa saka wani faranti mai huda huɗu a ƙarƙashin kafireto a Daytona da Talladega, ya rage iskar da ke shiga injin. Ƙarfi ya zama kusan ɗaya, babu mai iya ɓallewa shi kaɗai. A 2019 an canza farantin da wani mai kauri mai huda masu tsukewa, amma aikin bai canza ba, don haka "takunkumin injin" ta rufe duka biyun.

Mai Bin Gasa:
A ƙara da kalmomi biyu da direba ke faɗa a rediyo duk tsere, don wanda bai iya bayyana ciwon motarsa ba ba ya daɗewa a kujera. Filayen nan masu siffar ƙwai hagu ake juyawa kullum, nauyi yana faɗawa tayoyin dama. In ya murza sitiyari gaban motar ya ƙi bi, ya nufi katanga, sai mu ce tana "taurin kai". Tayar dama ta gaba ce ke shan wuya, in ta yi zafi sosai ta fashe. In kuma baya ne ke zamewa yana neman riga gaba, tana "sakin baya", tayar dama ta baya ke ci. Gyaran kan zo ne ta ƙara ko rage iskar taya ɗan kaɗan, ko a ɗaure sifirin baya na gefe ɗaya. Mai yanke wannan shawara "ogan kanikawa". Wanda ke tsaye can saman rumfar 'yan kallo yana gaya wa direba akwai mota a damarka, "mai hange". Dole ne a same shi, domin tun bayan mutuwar Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a 2001 aka wajabta abin da ke ɗaure hular kwano da kafaɗa, ga kujera ta rungume kai, direba ba ya iya waiwaye.

Tsohon Direba:
Tsayawar da suke yi a canza taya, ni da "ya da zango" zan ce.

Mai Sipana:
Baba, zango ana sauke kaya a kwana. Nan mutum biyar ne ke tsallako katanga: masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, mai jak, mai zuba mai. Taya huɗu cikin daƙiƙa goma ko kusa. Tun 2022 noti ɗaya ne babba a tsakiyar kowace taya maimakon biyar, kuma in mai jak ya sauke mota kafin notin ya kama, taya za ta fice a kan hanya. A shekarar farko hukuncin dakatar da ogan kanikawa da mutum biyu ne na tsere huɗu. Wurin dai, wanda a Turanci ake ce wa "pit" (wato rami), mu ce "layin kanikawa", kowace mota da "gurbinta". Kar a ce "rami", kar kuma a ce "ta shiga gyara", mai sauraro zai zaci ta lalace.

Mai Fassarar Wasanni:
To aikin kansa fa, Oga? "Ta tsaya shan mai"?

Mai Sipana:
In mai kaɗai aka zuba, haka ne Hajiya. In da taya, a faɗi adadin: "ta tsaya taya biyu", "ta tsaya taya huɗu". Biyun na dama ake nufi kusan kullum, kuma mai kallo yana son sanin wanne aka zaɓa, don mai taya biyu zai fito gaba amma bayan zagaye ashirin masu huɗu za su fara cim masa.