Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dana" ta mabiya Buddha?

1. Jama'a, ina cikin fassarar wani rubutu kan yadda gidajen ibadar mabiya Buddha ke rayuwa a Tailan da Siri Lanka, sai kalma ɗaya ta tare min hanya: dana. Kalmar Pali ce, harshen tsofaffin littattafansu, ma'anarta bayarwa. Jiya na jefa tambaya kan me za mu kira ta da Hausa, kun yi ta kawo shawara, na gode. Ga inda na tsaya.

2. Mu fara ganin abin tukuna kafin a raɗa masa suna. Sufin Buddha na mazhabar Theravada, wanda suke kira bikku, dokoki 227 ke kansa. Ba ya noma, ba ya saye da sayarwa, an hana shi karɓar kuɗi, ba ya cin abinci bayan rana ta take, ba ya ajiye na yau don gobe. Abin da ba a miƙa masa ba, ba zai kai baki ba. Bukatunsa huɗu ne, abinci da sutura da makwanci da magani, duka kuma daga hannun jama'a suke fitowa. Da sassafe sufayen kan fito a jere, ƙafa ba takalmi, kowa da kwanonsa, mutane na durƙushe bakin hanya suna zuba musu shinkafa. Su kuma su rama da koyarwa, da karatu a gidan mutuwa, da riƙe littattafan addinin.

3. Wani ɗan'uwa ya ce ai bara ce kawai, tunda ga kwano. Na gane abin da ya gani, amma a'a. Mai bara buɗe baki yake ya roƙa. Bikku shiru yake tsayawa, idan ba a ba shi ba, sai ya wuce. Idan aka ba shi ma ba ya cewa an gode, domin a wurinsu mai bayarwa ne ya ci riba, shi ya samu lada. In muka rubuta bara, mai karatu zai ga yaro da yunwa a ƙofar gida, alhali a can hatta sarkin Tailan kan rusuna gaban sufi. Wannan fita ta safe dai na kira ta zagayen kwano.

4. Zakka ta faɗi tun ba a je ko'ina ba: tana da nisabi, da ƙayyadadden kaso, da waɗanda aka ware su karɓa. Dana ba ta da ko ɗaya. Kyauta ta yi faɗi da yawa, ga shi tana jan godiya da tukuici. Gudunmawa kuwa ƙamshin gidan biki da taron ƙungiya take yi.

5. Wata 'yar'uwa Kirista ta kawo baiko, kalmar da suke amfani da ita a coci. Yaya, shawararki ta zauna min a rai fiye da sauran, don baiko ya dace da abin da ake kaiwa gidan ibada domin a riƙe shi. Matsalar ita ce Bahaushe da yawa in ya ji baiko, maganar aure zai fara kawowa.

6. Saura sadaka, kuma a nan aka fi ja-in-ja. Wani malami ya rubuto cewa sadaka don Allah ake yin ta, su kuwa mabiya Theravada ba su yi imani da Mahalicci ba, don haka aron kalmar zai rikita mutane. Allah gafarta malam, maganarka tana da nauyi, na kwana ina juya ta. Amma mu duba yadda kalmar ke aiki a bakin Bahaushe: abin da ka bayar ba don a biya ka ba, ba don a gode maka ba, sai don ladan da kake fata. Haka suke nufi. 'Yan Tailan ma sunan da suka ba aikin shi ne tam bun, wato yin lada. A Siri Lanka idan mutum ya rasu, iyalansa kan ciyar da sufaye ran kwana bakwai, da bayan wata uku, da cikar shekara, su ce ladan ya kai ga mamacin. Wa zai ji wannan bai tuna sadakar bakwai ba? Tunda muna cewa azumin Kiristoci da addu'ar Yahudawa ba tare da mun ce addini ɗaya ba ne, ban ga abin da zai hana mu ce sadakar mabiya Buddha ba.

7. Batun kuɗi: inda ake tsananta doka, akwai wani mutumin gari da ake kira kappiya, shi ke riƙe kuɗin ya sayo wa sufi abin da yake bukata. Ma'aji ya ishe shi suna. A manyan gidajen ibada na birni kuwa an sassauta sosai, kuɗi na shiga da yawa, musamman a bikin Kathina da ake yi bayan zaman damina na wata uku, lokacin da ake kai yadin sutura da kuɗin gyaran gini. Idan kuma fili aka bayar, kamar lambun Jetavana da littattafansu suka ce attajiri Anathapindika ya saya wa Buddha ta hanyar shimfiɗe ƙasar da zinariya, wannan wakafi zan rubuta.

8. Abin da ya ƙarasa gamsar da ni ya faru ne a Myanmar a 2007. Da sojoji suka doki sufaye a garin Pakokku, sai sufayen suka ƙi karɓar komai daga hannun sojoji da iyalansu, suka yi tattaki wasu da kwanoninsu a kife. A can wannan babban hukunci ne, don an toshe wa mutum hanyar lada. Shi kuma Hausarsa a shirye take: kife kwano. A fassarar zan sa dana sau ɗaya a farko, daga nan sai sadaka har ƙarshe.