Svalbard ko Antatika a ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai: ina sabon shiga zai fara?

Mai Son Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa zuwa nake nema, ba ta irina masu kallo a talabijin ba.

Shekara uku ke nan ina tara kuɗin wata tafiya da maiɗakina ke kira haukan tsufa. So nake in ga ƙasar ƙanƙara, amma ba a manyan jiragen nan masu kama da otal ba. Ƙaramin jirgi mai filafilai nake so, irin wanda mutum goma ko sha biyu ke kwana a ciki. Sanina da teku bai taka kara ya karya ba: mako guda na taɓa yi a tsibiran Girka, ruwa kwance lumui, amma ko a can sai da na yi amai ranar farko. Shekaruna 52, lafiyata ƙalau in ban da gwiwar hagu da ke ƙorafi idan na hau bene.

Wuri biyu nake dubawa, Svalbard a arewacin Norwe da Antatika ta hanyar Ushuaia, wani gari a kudancin Ajantina. Zuciyata tana Antatika, ba zan ɓoye ba, saboda tsuntsayen fengwin. Shin ana ɗaukar wanda bai iya tuƙi ba? Wanne ya fi dacewa da sabon shiga? Sannan mene ne kamfanonin ba sa faɗa a tallarsu?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Gaishe da uwargida, ka ce mata wani tsoho ya ce tana da gaskiya, amma haukan yana da daɗi.

Na yi bazara biyu ina mataimakin kyaftin a Svalbard, don haka a kan can zan yi magana. Ana ɗaukar wanda bai iya komai ba, sosai ma. Abin da ba sa faɗa da babbar murya shi ne kuɗinka za ka biya ka je ka yi aiki. A jirginmu mutum goma ne, ma'aikata uku, baƙi bakwai. Kowa yana cikin jerin gadi, awa uku kana sama, awa shida kana hutawa, haka dare da rana idan ana tafiya mai nisa. Za ka riƙe sitiyari, za ka ja igiya, za ka wanke kwanuka ranar da layi ya zo kanka, ko kai shugaban banki ne a gida.

Aikin da aka fi ba sabon shiga shi ne tsayuwa a goshin jirgi yana duba ƙanƙara. Manyan tsaunukan ƙanƙara ba su ne abin tsoro ba, ana hango su tun daga nesa, na'urar rada ma tana nuna su. Ƙananan ne mugaye, waɗanda girmansu bai wuce na mota ba, kusan duk jikinsu a nutse, wani lokaci garau suke kamar gilashi har ba ka bambanta su da ruwa. Rada ba ta cika kama su ba, sai ido. Minti ashirin a wurin nan iska na dukan fuskarka, za ka gane dalilin da ya sa ake cewa a zo da safar hannu kala uku.

Dalilina na cewa ka fara da Svalbard, yanayin ƙasar ne. Longyearbyen, inda ake tashi, tana kan digiri 78 arewa, amma wani reshe na ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana bi ta gaɓar yamma, shi ya sa jirage ke iya wucewa da bazara a inda ya kamata a ce ƙanƙara ta rufe. Gaɓar kuma cike take da mashigan teku tsakanin duwatsu, kusa-kusa da juna, don haka yawancin ranaku za a samu inda za a jefa anga a kwana cikin kwanciyar hankali. Mai amai a Girka yana bukatar wannan. Sanyin ma bai kai yadda ake zato ba, a watan Yuli 'yan digiri kaɗan ne sama da sifiri. Danshi ne ke gallabar mutum: numfashin mutum goma yana taruwa a rufin ɗaki ya riƙa ɗiga a kan bargonka, safa kuma in ta jiƙe sai ta kwana biyu a jikin hita. Wanka sau ɗaya ko biyu a mako, don ruwan sha a ƙididdige yake.

Rana ba ta faɗuwa a Longyearbyen daga wajen 20 ga Afrilu har ƙarshen Agusta ya kusa. Akwai wani dare, in dai za a kira shi dare, muna kan anga a wani mashigin teku da ake kira Magdalenefjorden, ni ke gadi da misalin ƙarfe biyu, rana tana sama kamar hantsi. Sai na ga wani falalen ƙanƙara da ya ɓalle daga tsauni, ruwa yana turo shi kan sarƙar angarmu a hankali. Na tashi mutum uku, ciki har da wata dattijuwa malamar makaranta da ta zo hutu, muka yi kusan awa guda muna tunkuɗe shi da dogayen sanduna. Da muka gama ta ce tunda ta fara tafiye-tafiye ba ta taɓa jin daɗin wani dare kamar wannan ba. Wani baƙo a tafiyar kuwa fushi ya yi, ya ce shi bai biya kuɗi don a tashe shi daga barci ba. Ka tambayi kanka wanne ne kai a cikinsu kafin ka biya.

Maganar farin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai cin nama da ke yawo a ƙanƙarar can, ba wasa ba ce. Da zarar an fita daga gari doka ta wajabta a riƙe abin korar sa, kuma jagora ba ya sauka gaɓa sai da bindiga. Kafin a sauke kwalekwalen roba sai an daɗe ana duba tudu da tabarau mai hangen nesa. In an ga beyar, an fasa sauka ke nan. Tun 1 ga Janairun 2025 dokar ta ƙara tsauri: sai an ba shi tazarar mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa mita 500, sannan a yankunan da aka keɓe wurare 43 kaɗai aka yarda masu yawon buɗe ido su sauka. Duk wanda ya yi maka alkawarin hoton beyar kusa da kusa, ka riƙe kuɗinka.

In an yi sa'a za ka ga Ny-Ålesund, ƙauyen masu bincike inda ake sa kowa ya kashe wifi da bulutut saboda na'urorinsu, har yanzu hasumiyar da aka ɗaure jirgin balan-balan na Amundsen, mai binciken nan ɗan Norwe, a 1926 tana tsaye. Can arewa kuma akwai Smeerenburg, inda mutanen Holan suka riƙa narka kitsen kifin wel a ƙarni na 17. Na ce in an yi sa'a, don takardar tsarin tafiya da za su aiko maka fata ce kawai. Mun taɓa niyyar tsallake digiri 80, iskar arewa ta turo ƙanƙara ta tare hanya, muka yi kwana uku a wuri guda muna shan shayi.

Abu na ƙarshe, biza. Svalbard kanta ba ta neman biza, kuma ba ta cikin yankin Shengen, amma jirgin sama ta Oslo ko Tromsø yake bi. In fasfonka na bukatar bizar Shengen, ka nemi mai shiga sau biyu, don dawowarka daga Svalbard sabuwar shiga ce.

'Yar Kudu ta amsa:

Baba Matuƙi, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Ni da Antatika na fara, ban san bambancin igiya da igiya ba, ga ni kuma da raina.

Sai dai Malam, kada in yaudare ka. Daga Ushuaia a Ajantina ana bi ta mashigin Beagle, a wuce Cape Horn da ke can ƙarshen Kudancin Amurka, sannan a faɗa mashigin Drake, wajen kilomita 800 kafin tsibiran Shetland ta Kudu. Babban jirgi yana yin sa a kwana biyu, mu kwana huɗu muka yi. A wannan layin babu wata ƙasa da ke tare iska ko igiyar ruwa, zagaye duniya suke yi su dawo, ga su kuma dole su matse ta wannan ƙofa. Kafin mu shiga ma sai da muka yi kwana uku a laɓe kusa da Cape Horn, kyaftin yana duba hasashen yanayi safe da yamma. Kwana biyun farko ban iya cin komai ba sai busasshen biskit. Gado akwai ƙyallen da ake ɗaurewa a gefe don kada ka faɗo, a sama kuma ba ka motsi sai igiyar jikinka tana maƙale da jirgi. A cikin mako uku da rabi da muka yi, kusan kwana goma sha ɗaya jira da tsallaka ne suka cinye. Ka sa wannan a lissafinka.

Amma safiyar da muka shiga tsibirin Deception ta wata 'yar siririyar ƙofa tsakanin duwatsu, sai ga mu a tsakiyar bakin dutse mai aman wuta da teku ta cika, yashi baƙi ƙirin, tururi na tashi a bakin ruwa, tsofaffin tankunan man wel sun yi tsatsa a gefe. Dutsen nan bai mutu ba, ya yi aman wuta a 1967 da 1969 da 1970. Daga nan muka gangara har Port Lockroy, tsohon sansanin Birtaniya na 1944 da yanzu yake da gidan waya. Na aika wa kaina kati, na riga shi isa gida da wata biyu. Ƙaramin jirgi yana shiga lungunan da babba ba ya iyawa, kuma a can anga kaɗai ba ta isa ba, sai an ja igiyoyi huɗu an ɗaure a duwatsun gaɓa saboda iskar da ke gangarowa daga tudun ƙanƙara ba sallama. Hawa duwatsu masu santsi da igiya a kafaɗa, nan ne zan ji maka tsoron gwiwar nan.

Fengwin ɗin da kake so za ka gan su har su ishe ka, kuma hanci ne zai fara sanar da kai kun iso, warin kashinsu ba a magana. Ka'ida ita ce tazarar mita 5, ana wanke takalma da magani kafin a sauka da bayan an dawo, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Su dai ba su san ka'idar ba, in ka tsaya shiru sai su zo duba ka.

Kafin ka biya ka tambayi abu biyu. Na ɗaya, wace ƙasa ce ta ba jirgin izini, don a ƙarƙashin Yarjejeniyar Antatika ta 1959 da ƙa'idar kare muhalli ta 1991 ba a zuwa haka kawai, kuma ko suna cikin IAATO, ƙungiyar kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido Antatika. Na biyu, inshorar da za ta ɗauki nauyin kwaso ka. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse a yankin, mutum 154 da ke ciki duk sun tsira don akwai jirage a kusa. Ƙaramin jirgi a tsakiyar Drake ba shi da maƙwabci. Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris.

Mai Son Teku ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka. Kwana huɗun nan sun sanyaya mini gwiwar dama ma. Tambaya ɗaya ta rage, Baba: inda rana ba ta faɗuwa, yaya kuka yi da salla?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Da agogo, Malam. Malamai sun yi bayani a kai, wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke samun dare da yini, wasu sun ce a bi na Makka. Ka tambayi malaminka ka tsayar da ɗaya kafin ka tashi. Isha'i da tabarau na rana a fuska, sai ka yi za ka yarda.

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan Deception, ni ma ina kishinta. Amma ina nan a kan bakana. Kafin ka ba kowa ko sisi, ka nemi tafiyar kwana uku ko huɗu a ƙaramin jirgi a ruwa mai sanyi, gaɓar Norwe ko ta Sikotlan, wadda za a kwana ana tafiya. Ka gwada maganin jiri a can, don wani yana sa barci har ka kasa gadi. Ka kuma gwada sauka daga jirgi zuwa kwalekwalen roba yana rawa, sanye da kaya masu nauyi, ka ji abin da gwiwar hagu za ta ce. In ka dawo ka ba mu labari a nan, sai mu yi maganar takalma.