Hoto biyu ya koma ɗaya ba tabarau, wa ya iya?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah kada a yi mani dariya. Ƙanena ya turo mani wasu hotuna a WhatsApp, biyu-biyu a jere kamar tagwaye, wai in ka iya kallonsu za su haɗe ka ga zurfi kamar ka zura hannu ciki, ba tabarau ba komai. Yau kwana uku ina fama a laftof har hawaye nake, jiya maiɗakina ta shigo ta iske ni ina ta juya idanu ni kaɗai ta ce ko a kira mai ruƙiyya. Gaskiya ne ko yaron nan raina mani wayo yake?

Malam Na Daura:
Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne wallahi. Miƙa babban yatsanka ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Tsakanin idanunka akwai santimita 6 da 'yan kai, kowanne daga gefensa yake hango abu, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta fitar da nesa da kusa. Hotunan nan haka aka ɗauke su, ɗaya na idon dama ɗaya na hagu. Laftof ɗin ne ya cuce ka, sun yi faɗi da yawa, ido kuwa ba ya iya buɗewa waje. Koma waya, kowane hoto kada ya wuce faɗin yatsu uku, ka riƙe ta a miƙe ba karkacewa, ka saki idonka kamar mai hangen bangon da ke bayan wayar. Hotunan za su zama huɗu, su matso su zama uku, to na tsakiyan nan shi ne naka, kada ka yi saurin kai masa ido sai ya watse, bar shi ya washe da kansa. In ya ƙi, tsaya kwali tsakanin hotunan zuwa hancinka.

Maman Ummi:
Kai wannan ya tuna mani abin kallon nan da alhazai ke kawo mana tsarabar Makka, mai faifai, ka kafa ido biyu ka danna ka ga Ka'aba kamar kana wurin, har faɗa muke a kansa. Ashe dabarar ɗaya ce.

Malam Na Daura:
Ita ce Hajiya, gilashin ciki ne ke yi maki aikin. Kuma ta tsufa, tun 1838 wani Bature ɗan Ingila Charles Wheatstone ya nuna ta da madubai da zane na hannu.

Injiniya KT:
Ni ta Malam ba ta taɓa yi mani ba, da biro na koya. Ka riƙe shi tsakaninka da sikirin ka kalli bakinsa, kana matso da shi a hankali har hotunan baya su zama uku, sai ka zare shi. Wannan ko a laftof tana yi. Minti biyu ka huta yallaɓai, in ba haka ba ciwon kai.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allahu akbar ta biro ta yi!! Amma abin ya fito a birkice, mutumin da ke gaba ya lotsa ciki, bishiyar bayansa ce ta taso mani.

Injiniya KT:
Hhh ai don hanyar Malam aka jera naka. Da biro idon dama hoton hagu yake kallo, sai ka sauya masu wuri, na dama ya koma hagu. Kuma kana iya yin naka, ni na yi da hasumiyar Gobarau, na ɗauka na ɗan gusa gefe na sake ɗauka, sai dai wani ɗan acaɓa ya gifta a na biyun, wurin nan har yau ƙyalli yake yi yana ƙin zama.

Maman Ummi:
To ni da idona na hagu yake da rauni tun ina yarinya fa?

Malam Na Daura:
Yana iya ƙi maki Hajiya, abin na son ido biyu su yi aiki tare, masu harara-garke ma da yawa ba sa gani. Gwada da kwalin nan tukuna ki faɗa mana.