Maigidana ya fara haɗa kan harsashi a gareji, wa ya taɓa zama da mai wannan sha'awar?

Maman Hanifa, Ohio

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya ga abin nan da idonsa, ba wanda ya ji labari ba. Maigidana yana zuwa gasar harbi da abokan aikinsa, duk bisa ƙa'idar ƙasar nan ta Amurka. Kwanan baya wani dattijo cikinsu ya sayar masa da injin matsi, ya kafa shi a gareji, wai zai riƙa haɗa kan harsashi da kansa, irin mai dalma a ciki da rigar jan ƙarfe a waje. Ya ce babu albarushi a gidan, wannan sashen a wajen dattijon suke yi. To amma ta garejin nan muke shiga kicin, kuma ƙaramarmu rarrafe take. Hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku faɗa min abin da kuka gani.

Bakanike, Texas

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina yi, kuma a wurin aiki na tsince shi kamar yadda maigidanki ya tsinta. Abin da zan fara gaya miki, tsohuwar sha'awa ce a nan, masu mutunci ke yi. Rigar jan ƙarfen kanta wani hafsan sojan Switzerland, Eduard Rubin, ya fito da ita a 1882, saboda dalma zalla idan gudu ya yi yawa takan goge a cikin bakin bindiga. Yin ta a gida kuwa lokacin yaƙin duniya na biyu ya bunƙasa, da jan ƙarfe ya koma na soja, maharba suka rasa abin saya. Wani Ba'amurke, Vernon Speer, ya riƙa tattara kwanson ƙananan harsasai da aka riga aka harba yana mayar da su riga. Wani kuma, Fred Huntington, ya fara ƙera kayan matsi a Oroville ta Kalifoniya a 1943, daga nan kamfanin RCBS mai ƙera kayan haɗa harsashi ya samo asali. Wani mai suna Joyce Hornady ma tare da Speer ya fara kafin ya kafa nasa kamfanin a Nebraska a 1949.

Ba arha ke kai mutum ba, don kayan aikin suna da tsada ƙwarai. Daidaito ne. Masu gasar harbi daga kan benci burinsu harbi biyar su shige kusan rami ɗaya, shi ya sa mutum zai zauna da sikeli yana auna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗan saɓa ya ware shi gefe. Aiki ne na haƙuri, ni dai yana kwantar min da hankali bayan hayaniyar mako.

Duk da haka tsoronki yana kan hanya. Matsi ake yi ba narkarwa ba, sai mutane su ɗauka ai babu hayaƙi babu matsala. Hannu kuwa baƙi yake yi da dalma. Inda ya fi muni shi ne injin da ake wanke tsofaffin kwanso da shi a bushe, domin sinadarin da ke tayar da harsashi yawanci akwai dalma a cikinsa, ragowarsa kuma ƙura take zama. Ni a ɗaki na daban nake aiki a bayan gida, da rigar aiki da takalmin da ba sa shiga gida, ba ci ba sha a ciki, shara kuma da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya ba ta shiga. Garejin da ya haɗu da kicin bai dace ba sam.

Nas 'yar Anka, Maryland

'Yar'uwa, ki yi haƙuri zan yi magana da zafi kaɗan. Ni daga Zamfara nake. A 2010 da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu ba mugaye ba ne, duwatsun zinariya suke kawowa gida ana daka ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke wasa. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan Anka, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Na san gidajen da abin ya taɓa.

Ban ce garejinku Bagega ba ne, yawan ba ɗaya ba ne ko kusa. Hanyar ce ɗaya: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Jikin yaro ya fi na babba tsotse dalma, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa ba tare da zazzaɓi ko wata alama da uwa za ta gani ba. A asibitin da nake aiki na ga yaran da ƙurar ta zo musu ta kujerar mota da kayan aikin uba. Hukumar CDC mai kula da cututtuka a Amurka tun 2021 ta sauko da ma'aunin da ake fara bincike a kansa zuwa maikrogiram 3.5 na dalma a kowace desilita ta jini, a da 5 ne, kuma sun ce babu adadin da za a kira lafiya ga yaro. Ki kai ta likitan yara, ki faɗa masa abin da ake yi a garejin, ki nemi gwajin jini. Shi ma maigidan ya yi nasa. Idan kina da ciki ko kina sa rai, kada ki taɓa wankin kayan aikinsa.

Ɗalibi, Indiana

Anti, ni ta wani ɓangaren na haɗu da abin. Maƙwabcina Bature mutumin kirki ne, ya nuna min bencinsa, da zan tafi ya miƙo min ɗaya cikin waɗanda ya haɗa, wai in ajiye tsaraba. Na yi godiya na ce masa ba zan iya karɓa ba. A dokar tarayyar Amurka, ko kan harsashi shi kaɗai, ko kwanso, ko albarushi, duk sunansu harsashi ne, kuma mai bizar karatu ko ta ziyara ba a yarda ya mallaka ba sai da wasu sharuɗɗa, kamar lasisin farauta. Don haka idan kuna saukar ɗalibai ko baƙi daga gida, kada a ba kowa kyauta. Sannan yi wa kai halak ne a dokar tarayya, amma mayar da shi sana'ar sayarwa sai da lasisi, jihohi kuma kowace da nata ƙarin.

Baba na Kakuri, Kaduna

'Ya'yana, ina karanta ku daga gida. Abu ɗaya zan ƙara: wannan sha'awar ta tsaya can inda doka ta yarda da ita. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi a gidansa, aikin masana'antar gwamnati ne irin DICON mai ƙera makamai da ke unguwarmu tun 1964. Na taɓa ganin yaron kirki ya sha wahalar bincike a filin jirgi kan kwanso ɗaya da ya maƙale a aljihun jakarsa. Da halin da Arewa ke ciki, ba wanda zai saurari bayanin gasa. Duk mai zuwa filin harbi ya ware jakar tafiya daban, ya kuma zazzage ta kafin ya taso.

Maman 'yan biyu, Minnesota

Yaya, irin naki ya same ni sak, sai dai mu a ɗakin ƙasa ne. Ban ce masa ya daina ba, don na ga yana jin daɗin abin kuma ya fi min yawon dare. Takardar gwajin yaran na ajiye masa a gabansa. Adadin bai kai na tashin hankali ba, amma na ɗayan ya fi na ɗan'uwansa, shi ne mai bin babansa ƙasa. Da kansa ya kwashe kayan ya kai wajen abokinsa da ba shi da ƙananan yara, muka cire kafet ɗin matakala muka zubar, muka goge ko'ina da ruwa da sabulu. Da aka maimaita gwajin bayan 'yan watanni ya sauka. Ki tambayi ofishin lafiya na gundumarku, namu sun turo wanda ya ɗauki samfurin ƙura a ƙasa da bakin taga, kuma shi ya nuna mana cewa tabarmar motar ma sai an canza ta.